Kwaɗon Sito

Shekara goma sha ɗaya ina gadin asibitin Wara,
ni Nomau, da tocila da gora da buta.
Ko allura ba ta taɓa yin ƙafa a gadina ba.
Amana aka ba ni, da ita nake cin tuwo.

Daren Laraba, ruwa ya ɗauke ke nan,
sai ga baro daga hanyar bakin gulbi,
Tumba ke turawa, ba ɗankwali, zani sharkaf,
ɗanta Jabbi a dunƙule, ƙafa ta koma turmi.
Ta ce, gobe-da-nisa ce, a kunyar dawa.
Na haska bakinsa, dasashi na tsattsafo da jini.

Malamar dare ta ce akwai kwalba ɗaya tak,
tana cikin firji, firji na cikin sito,
sito da kwaɗo, makulli na aljihun Malam Arzika,
Malam Arzika na Yawuri wajen ta'aziyya,
wayarsa na ta cewa a sake kira an jima.

An jima?
Ai macijin ya riga ya faɗi sunansa.

Na dubi kwaɗon. Ni na ɗiga masa mai ran Lahadi.
Dominsa ake biyana ƙarshen wata.
Na zaro ƙarfen taya daga motar da ta mutu tun bara.
Bugun farko hannuna ne ya ƙi.
Na biyu ya tashi karnukan unguwa.
A na uku ya buɗe baki, bai ce komai ba.

Jabbi ya kwana. Da hantsi ya nemi koko.

Da a nan zancen ya ƙare, da na ba da shi ina murmushi.
Amma kwalbar tana da mai ita a littafi.
Bawa masunci, can kwance a ɗakin maza,
ya sayar da tarunsa ya biya kwalba biyu,
an yi masa ɗaya, ɗayar sai da asuba.
Malamar ta sani, ta haɗiye.
Ni kuwa ban tambaya ba, don kar a gaya mini.
Asuba ta zo ta tarar da firji wayam.
Aka sa shi a bayan a-kori-kura, hanya duk taɓo.
Ransa ya dawo gida. Ƙafar hagu ba ta biyo shi ba.

Shugaban kwamiti bai ɗaga mini murya ba.
Ya ce, Nomau, in kowane maigadi ya zama alƙalin kwaɗonsa,
wa zai ƙara ajiye abu ya yi barci?
Na nemi amsa har cikin hulata, babu.
Na miƙa tocila, na miƙa gora. Butar tawa ce.

Liman ya ce larura kan halatta abin da aka hana.
Na ce, Allah gafarta Malam, larurar wa?
Su biyu ne a daren nan,
ɗaya ne kawai aka turo gabana.
Ya ja carbi, ya ce a tashi a yi sahu.

Yanzu ina ƙyafe kifi, hayaƙi na cin idona.
Ran kasuwa Jabbi kan wuce a guje yana kora gare-gare,
bai ma san sunana ba.
Bawa kan zo da sanda a hammata, ya zauna yana ɗinkin tarun wasu.
Nakan gaishe shi. Yakan amsa,
wani lokaci har ya tambayi iyali,
wannan ya fi zagi ciwo.

In an ce, da za a maido da daren, za ka sake?
Zan sake.
Kuma zan sake rasa barci, kar ka ɗauke mini wannan.

Kwaɗon na nan ƙarƙashin tabarmata.
Matata ta ce a ba 'yan gwangwan.
Na ce bari tukuna,
ban gama auna shi ba.